Laftof mara nauyi: me ake cirewa kafin nauyin ya tafi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni malama ce a wata kwalejin ilimi. Laftof ɗina mai inci 15.6 ce, ta daɗe a hannuna. Kullum sai na rataya ta daga gida zuwa makaranta a adaidaita sahu, daga ofis zuwa aji, ga caja ga takardun jarrabawa, har kafaɗata ta fara ciwo. Aikina bai wuce rubuta lacca, haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, nuna darasi da majigi, da taron Zoom jefi-jefi ba. Na ga irin siraran nan a hannun wata abokiyar aikina, na ɗaga na ji sakayau. Amma maigidana ya ce ba su da ƙwari, kuma in suka lalace sai dai a zubar. In saya ne, ko in haƙura da tawa?"

Wa alaikumus salam Malama. Sannu da fama, Allah ya sauwaƙe ciwon kafaɗar. Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, shin ragin nauyin da za ki samu ya kai a kashe masa kuɗi? Ta biyu, me za ki rasa a madadinsa, kuma maganar maigida gaskiya ce? Amsata a taƙaice ita ce ki saya, domin irin aikinki shi ne ainihin abin da aka ƙera waɗannan na'urori dominsa. Sai dai kada ki bi wadda ta fi kowace rashin nauyi a kasuwa. Ki tsaya tsakanin kilo 1.2 da 1.4. Dalilina yana tafe.

Ki fara auna jakar

Laftof mai inci 15.6 irin ta shekarun baya takan yi kilo 2 zuwa 2.5. Cajarta, da ƙaton tubalin nan da wayoyinsa biyu, takan ƙara giram 300 zuwa 500. Siririyar laftof ta yau takan yi kilo 1 zuwa 1.3, kuma ƙaramar cajar USB-C mai wat 65 ba ta cika wuce giram 150 ba. Wato ragin da za ki samu ya kai kilo ɗaya da 'yan kai, wani lokacin har ɗaya da rabi. Ga wanda motarsa ke kai shi bakin ofis, wannan ba wani abu ba ne. Ga mai hawa bene da jaka a kafaɗa ɗaya, safe da yamma, babban abu ne.

Amma kafin ki fitar da ko kwabo, ki biya wurin mai sayar da gas ko wani mai sikeli, ki ɗora jakarki yadda kike fita da ita, sannan ki zare laftof da caja ki sake ɗorawa. Na sha ganin malamai sun zo shagona suna kukan nauyin kwamfuta, da aka zazzage jakar sai ga ƙunshin takardun jarrabawa da littattafai sun fi kwamfutar nauyi. In haka ne naki, sabuwar laftof za ta rage, ba za ta raba ki da matsalar ba, kuma jakar goyo mai hannu biyu za ta yi miki aikin da kuɗi mai yawa ba zai yi ba. Ciwon kafaɗar kuwa, in ya ƙi tafiya, na likita ne, ba na mai gyaran kwamfuta ba.

Yadda aka zo nan

A watan Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air ta farko daga ambulan ɗin takarda a gaban jama'a. Nauyinta kilo 1.36. Don a kai ga wannan, an cire wurin saka faifan DVD, an cire ramin wayar intanet, an bar mata ramin USB guda ɗaya tak. A 2011 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ya kira Ultrabook, ya zuga masu ƙera kwamfutocin Windows su bi sahu. A 2012 Lenovo ya fitar da ThinkPad X1 Carbon, daga baya LG ya zo da jerin Gram, waɗanda mai inci 14 a cikinsu take gaza kilo ɗaya da ɗan kaɗan.

Abin lura a tarihin shi ne su kansu kamfanonin sun taɓa wuce gona da iri suka dawo. A 2015 Apple ya fitar da MacBook mai inci 12, giram 920, da ramin USB-C guda ɗaya da za a yi caji da komai ta cikinsa, da wani siririn kibod wanda ƙwayar ƙura ke iya maƙale wa maɓalli. Ƙorafi ya yi yawa, zuwa 2020 kamfanin ya watsar da irin kibod ɗin gaba ɗaya, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. In ƙurar ofisoshin Amurka ta yi wa kibod haka, ki kwatanta da hazon hunturunmu. Shi ya sa nake cewa giram 200 ko 300 na ƙarshe, tsakanin kilo 1.3 da ƙasa da kilo ɗaya, su ne mafi tsada, a kuɗi da kuma a abin da ake sadaukarwa.

Abin da ba ya gyaruwa bayan saye

A nan zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi yin asara. A tsohuwar laftof ɗinki, RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi a ciki, wani ɗan siririn allo ne da ake zarewa da yatsa biyu a saka wanda ya fi shi. A yawancin siraran, an manne ƙwayoyin RAM ɗin da dalma a jikin bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke kai, saboda ramin da ake soka shi yana cin wuri da kauri. Duk MacBook Air haka take, duk X1 Carbon haka take, haka ma Dell XPS 13 na shekarun nan. Abin da kika saya da shi, da shi za ta mutu. Kamar ɗinkin da tela bai bar wa rara ba ne: ranar da ya matse, babu inda za a farke a buɗa.

Kusan kowane mako sai wani ya shigo da kyakkyawar na'ura, fes da ita, babu ko ƙwarzane, yana cewa ta fara nauyi a ƙara masa RAM. In buɗe bayanta in nuna masa ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a liƙe kusa da furosesa, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfutar, in ce masa babu wurin ƙari. Gigabait 8 ce, wani lokacin ma 4. Yau in kika buɗe Zoom, da Excel, da shafuka goma sha a Chrome, da WhatsApp na kwamfuta, gigabait 8 ta cika maƙil. Shi kansa Apple, wanda ya daɗe yana kare gigabait 8, tun ƙarshen 2024 ya mayar da 16 mafi ƙaranci a MacBook Air. Saboda haka in RAM ɗin a manne yake, kada ki karɓi ƙasa da 16, ko da mai shago ya rantse miki cewa 8 ta isa. Ta isa yau. Ke kuwa na'urar shekara biyar ko shida kike nema.

Ma'ajiyar fayil, wato SSD, ita ma a duba. A X1 Carbon da mafi yawan na Windows ana iya cire ta da sukundireba, a saka babba, ko a ɗauke ta zuwa wata na'ura in bod ya mutu. A MacBook Air, tun daga ta 2018, a manne take. Ma'anar wannan ga malama mai sakamakon ɗalibai ɗaruruwa ita ce, ranar da shayi ya zube a kibod ya ƙone bod, fayilolin na iya tafiya tare da shi. Ko wace iri kika saya, sakamakon jarrabawa ya zauna a wuri biyu, ɗaya a na'ura, ɗaya a filas ko a Google Drive. Amma a kan mai SSD a manne wannan ya tashi daga shawara ya zama dole.

Maganar maigida

Rabinta ta farko, cewa ba su da ƙwari, ban yarda da ita duka ba. Siraran masu kyau da alminiyam ko magniziyam ko zaren kabon ake yin jikinsu, kuma sun fi robar manyan laftof masu araha juriya. Mafi yawan karyewar hinji da nake gyarawa a masu jikin roba ne, inda kusoshi ke tsinkewa daga mazauninsu. Sannan tsohon "hard disk", wato ma'ajin fayil mai faifai, yana juyawa ne, faɗuwa ɗaya na iya kashe shi, SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta, jijjigar adaidaita ba ta dame ta ba. Inda suke da rauni shi ne sikirin. Murfin siriri ne, kuma tazarar da ke tsakanin gilashi da kibod ba ta kai kaurin ƙwayar shinkafa ba. Murfin biro ko ɗan kunnen sauraro da aka manta a kan kibod aka rufe ya isa ya tsaga shi. Haka in an matsu a kujerar baya, jaka tana tsakanin gwiwarki da ƙarfen gaba. Ki saya mata riga mai ɗan tauri, ki riƙa ɗora jakar a cinya, kada caja ta kwanta a kan murfin.

Rabi na biyu kuwa yana da gaskiya mai yawa. Ba zubarwa ake yi ba, amma gyaran ya fi wuya ya fi tsada. Abubuwan da a da kowanne ke zaman kansa, yanzu duk suna kan bod ɗaya. Matsalar da a da canza ƙaramin abu ne, yanzu sai mai aikin dalma da madubin ƙara girma, ko a canza bod ɗungurungum, wanda kuɗinsa kan kusanci rabin kuɗin na'urar. Sannan samun kayan ya danganta da yawan irin na'urar a ƙasa. Sikirin ko batirin HP EliteBook, Dell Latitude ko ThinkPad, in babu a Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja, za a turo daga Computer Village ta Ikeja cikin 'yan kwanaki. Na samfurin da ba a cika shigowa da shi ba, sai an yi oda daga waje, ki zauna makonni babu abin aiki a tsakiyar zangon karatu. LG Gram na'ura ce mai kyau ƙwarai, amma kafin ki saye ta ki tambayi mai gyaran da kika amince da shi ko yana samun kayanta. Wannan tambayar ta fi duk abin da aka rubuta a kwali muhimmanci.

Zafi da ƙura

Siririn jiki ba shi da wurin babbar fanka, don haka ake saka masa furosesa mai cin wuta kaɗan, wajen wat 15, maimakon 45 na manyan injina. In aiki ya yi tsanani ta ɗauki zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A Word da Excel ba za ki taɓa lura ba. A Zoom na awa biyu a ofis mara wuta cikin watan Afrilu, za ki ji ƙasanta ya yi zafi, hoto ya fara tsaitsayawa. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da laftof ɗinsa a yanayin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa bazararmu takan haura 40.

MacBook Air tun daga mai furosesar M1 ta 2020 ba ta da fanka sam. A wurinmu wannan yana da fa'ida da ba a cika faɗa ba: abin da ba ya zuƙar iska ba ya zuƙar ƙura. Masu fanka kuwa, bayan hunturu ɗaya ko biyu, in na buɗe sai in tarar da ƙura ta dunƙule ta toshe ƙananan haƙoran da iska ke fita, in ciro ta da hantsaki a dunƙule guda. A share ta sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce. Kuma kada a yi aiki da ita a kan katifa ko filo.

Zafi ya fi cin batir fiye da komai. Alamar farko ita ce wurin shafa yatsa ya fara tasowa ko ya ƙi dannuwa, ko ki ajiye na'urar a tebur ki ga tana rawa, ba ta zauna daram ba. Batir ne ya kumbura a ciki. A daina caji, a kai a canza, kada a danna shi. Yawancin na Lenovo, Dell, HP da LG suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80, ki kunna shi in kina yawan barin ta a jone.

Inda siririyar ta yi fintinkau

Batir. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ya ma fi rashin nauyin amfani. Saboda furosesar ba ta cin wuta, batir mai awon Wh 50 zuwa 60 (Wh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ajiyewa) yana iya kai ki daga safe zuwa la'asar a aikin rubutu, musamman a MacBook Air da sababbin na Windows. Awannin da kamfani ke rubutawa a talla kuwa, ki zabge kashi ɗaya cikin uku, domin a sikirin mai rage haske suke gwadawa, ke kuma a aji mai hasken rana za ki ƙure shi.

Na biyu, caji ta USB-C. Caja ɗaya ta ishi laftof da waya. Fiye da haka, fawa bank mai mAh 20,000 yana ɗauke da wajen Wh 74, wanda bayan asarar da ake yi a hanya ya isa ya cika irin wannan laftof kusan sau ɗaya. Sharaɗin shi ne ya zama mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, da ke fitar da wat 45 zuwa 65, domin na waya zalla ba zai iya ba. Ga mai ƙaramin sola a gida ma, na'urar da ke shan wat 10 ko 15 tana aiki ba za ta dami batirin inbata ba. Gargaɗi ɗaya: kada a yi arahar caja. Jabun caja a kan wutar janareto mai hawa da sauka ita ce ke ƙona ɗan ƙaramin abin da ke kula da caji a kan bod, kuma wannan gyaran na masu dalma ne. Ki nemi na'ura mai ramuka biyu da ke karɓar caji, in ɗaya ya saki ki koma ɗayan.

Majigi da ramuka

Wannan ya shafe ki kai tsaye. MacBook Air da XPS 13 na shekarun nan ba su da HDMI ko USB mai faɗi, sai ramukan USB-C. Majigin makaranta HDMI yake so, tsofaffin ma VGA, mai shuɗin kai da kusoshi biyu. Filas ɗin da ɗalibi zai miƙo miki mai faɗin kai ne. Za ki koma yawo da adafta, kuma adafta ita ce abin da ake mantawa a gida ranar da aka fi buƙatarta. X1 Carbon da LG Gram da EliteBook duk sun riƙe HDMI da USB mai faɗi duk da sirantarsu. Gobe ki leƙa bayan majigin ajinku ki ga wane rami ne, kafin ki je kasuwa.

Sikirin kuma, daga inci 15.6 zuwa 13 saukowa ce da za ki ji a Excel mai layuka da yawa, kuma za ki rasa maɓallan lambobi na gefen dama, waɗanda mai shigar da maki ta saba da su. Inci 14 ne matsakaici. Ƙaramin kibod na lambobi mai USB ba shi da tsada, a ajiye shi a ofis don lokacin haɗa sakamako.

To wace za ki saya?

Da ƙanwata ce ke wannan aikin, EliteBook 840 ko 830 samfurin G7 ko G8 zan nema mata. Nauyinsu wajen kilo 1.2 zuwa 1.4, suna da HDMI, suna caji ta USB-C, RAM ɗinsu na zarewa ne a ramuka biyu, kayansu kuma sun cika kasuwa. Bambancinsu da mafi sirantaka giram 200 ne ko 300, kafaɗa ba za ta tantance ba in an haɗa da sauran kayan jaka. In kuɗi ya ƙaru kuma kina son sakayau ɗin nan da kika ji, X1 Carbon mai gigabait 16, wajen kilo 1.1, kibod ɗinta na cikin mafi daɗin rubutu. MacBook Air ta fi su duka batir da shiru, amma sai kin tabbatar manhajar haɗa sakamako ta makarantarku da firintar ofis suna aiki da ita, domin wasu Windows kaɗai suka sani. Wannan tambayar ta hau kan na Windows masu furosesar Snapdragon X da suka fito a 2024: batirinsu madalla, amma tsofaffin firintoci da wasu manhajoji kan ƙi su.

In ta hannu za ki saya, irin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, ki tafi da wanda ya sani, ku zauna a shagon ku gwada. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar furosesar Intel zubi na 8 ko sama. Lambar da ke bayan ɗan layi a sunan furosesar ce ke nunawa: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-1135G7 na 11, i7-7500U kuwa na 7 ne, a bar shi duk da sunan i7 da ke jikinsa. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage, in ya gaza kashi 80 a rage kuɗin sabon batir daga ciniki. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a tabbatar babu kalmar sirri, in Mac ce a tabbatar an cire asusun iCloud na mai ita na farko kuma ba a ɗaure take da wani kamfani ba. A soka wani abu a kowane rami, a danna kowane maɓalli, a buɗe farin shafi a duba tabo a sikirin.

Ban kawo farashi ba da gangan, domin dala yake bi, abin da na rubuta yau zai iya zama tsohon labari kafin ki karanta. Kuma wannan shawarar ta aikinki ce. Mai tace bidiyo, ko mai zanen gini da AutoCAD, ko mai wasannin kwamfuta, siririyar laftof za ta ba shi haushi, gara ya ɗauki nauyinsa ya samu fanka biyu da katin hoto.

Tsohuwar taki kada ki yi saurin sayar da ita, ba za ta yi wani kuɗin kirki ba. In furosesarta zubi na 8 ce ko sama, a saka mata SSD a ƙara RAM, ta zauna a tebur a gida ko a ofis don Excel da babban sikirin, kuma ta riƙe ki ranar da sabuwar ta tafi wurin gyara. Ki turo mini lambar furosesar da ke cikinta da irin ramin majigin ajinku, zan faɗa miki wadda ta fi dacewa a cikin ukun nan.